Yadda Ake Rayuwa da Ciwon Soriyasis Ba Tare da Janye Jiki daga Mutane Ba

Shekara bakwai ke nan ƙanwata tana fama da ciwon fatar da likitoci ke kira soriyasis, kuma a tsawon wannan lokaci ban taɓa ganin ta yi kuka saboda ƙaiƙayi ko ɓawon da ke zuba daga jikinta ba. Ta yi kuka ranar da wata mata a gidan suna ta fizge 'yarta daga cinyarta, ta kuma yi ranar da makitsiya ta kwance mata ɗankwali, ta dubi fatar kanta, sannan ta ce yau hannunta yana ciwo. Daga nan ta fara ƙin zuwa biki, ta daina cin abinci da 'yan'uwa a tire ɗaya, har ta kai ga sai ta tabbatar babu baƙi a tsakar gida take fitowa daga ɗaki. Matakan da ke ƙasa su ne muka bi har ta koma cikin mutane, wasu bisa shawarar likita, wasu kuma bayan mun yi kuskure mun gyara. Zan riƙa cewa "ka" domin sauƙin rubutu, amma maganar ta maza da mata ce.

Mataki na farko: ka ji sunan ciwon daga bakin likitan fata

Wanda bai san sunan abin da ke damunsa ba, kowa ya zo sai ya raɗa masa nasa: wannan ya ce makero ne, wancan ya ce kirci ne, wata ta ce amosani ne ya yi yawa, wani kuma ya rage murya ya ambaci kuturta. Kowane suna yana zuwa da nasa magani da nasa tsoro, saboda haka abu na farko shi ne ka nemi likitan fata, irin waɗanda ake samu a manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko ka nemi likitan da ke kusa da kai ya ba ka takardar zuwa wurinsu.

Soriyasis ciwo ne mai daɗewa da ke tasowa daga garkuwar jikin mutum kansa. A jikin mai lafiya sabuwar fata takan ɗauki kusan wata guda kafin ta taso ta maye gurbin tsohuwa, amma a jikin mai wannan ciwo garkuwar tana ingiza fatar ta yi wannan aiki cikin 'yan kwanaki, sai ta taru ta yi kauri ta yi ɓawo, galibi a gwiwar hannu da gwiwar ƙafa da fatar kai da ƙasan baya, wani lokaci har farce. Hotunan intanet sun fi nuna shi jawur a kan farar fata, alhali a baƙar fata yakan fito ruwan ƙasa mai duhu ko mai sirkin shunayya da ɓawo ruwan toka, kuma wannan yana cikin dalilan da ke sa a daɗe ba a gane shi ba a wurinmu. Ba a ɗaukarsa ta hanyar gaisawa, ko cin abinci tare, ko kwana a shimfiɗa ɗaya, kuma ba ƙazanta ke kawo shi ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 ya ce aƙalla mutum miliyan 100 ke ɗauke da shi a duniya, bayan da babban taron hukumar na 2014 ya amince cewa babban ciwo ne mara yaɗuwa wanda masu shi ke shan tsangwama.

Maganar kuturta tana bukatar a fito da ita fili, domin ita ce tsoron da mutane ba sa faɗa. Ko a Turai an daɗe ana haɗa ciwukan biyu, sai a 1841 wani likitan ƙasar Ostiriya mai suna Ferdinand von Hebra ya raba su sarai. Tabon kuturta yakan mutu, a taɓa wurin mutum bai ji ba, na soriyasis kuwa yana ji har yana ƙaiƙayi. Ita ma kuturtar yau ana warkar da ita, kuma masu ita ba su cancanci ƙyama ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ka nuna wa likita ko'ina, har matsematsi da ƙarƙashin mama da al'aura idan ya fito a can, ka kai masa duk man da ka taɓa shafawa da kwalinsa, ka kuma gaya masa idan gaɓoɓinka na ciwo ko suna sandarewa da safe, domin har kusan kashi 30 cikin 100 na masu soriyasis kan sami kumburin gaɓoɓi, wanda idan aka yi sakaci yana lalata su. Kafin ka fito, ka roƙe shi ya rubuta maka sunan ciwon a takarda tare da bayanin cewa ba ya yaɗuwa. Wannan takarda za ta yi maka amfani a wurare da dama nan gaba.

Mataki na biyu: ka tsayar da abin da ke ƙara hura shi

Duk inda fatar mai soriyasis ta ji rauni, sabon tabo yana iya fitowa a daidai wurin, don haka kankare ɓawo da dutse ko reza, da tsaga, da ƙaho a kan fata, duk suna iya mayar da tabo ɗaya ya zama biyar. Haka nan man da ake haɗawa a kasuwa ko a wasu kyamis, musamman mai sinadarin sitiroyid mai ƙarfi irin kulobetasol da ake samu a mayukan bilicin, yakan kwantar da ciwon cikin mako guda mutum ya yi murna, sannan ya sirantar da fata, ranar da aka daina kuma ciwon ya dawo fiye da da. Allura ko ƙwayar sitiroyid ta fi haɗari, domin tsayar da ita farat ɗaya yana iya sa jiki duka ya ɗauka, da zazzaɓi da ƙananan ƙuraje masu mugunya, kuma wanda ya ga haka asibiti zai nufa a ranar, ba sai gobe ba. Wasu magunguna ma suna tayar da shi, kamar kulorokwin da wasu na hawan jini, don haka duk likitan da zai rubuta maka magani ka gaya masa kana da soriyasis, amma kada ka yanke maganin da kake sha da kanka.

Akwai ɓarnar da ta fi ta fata, kuma mun ɗanɗana ta a gidanmu. Idan ciwo ya ƙi ji, sai a fara cewa jifa ne ko sammu, da zarar an faɗi haka kuma sai a fara neman wanda ya yi, a zargi kishiya ko facala ko maƙwabciya, zumuncin shekaru ya lalace a kan abin da ba kowa ne ya jawo shi ba. Mara lafiyar shi ke kwana da wannan nauyi, domin yanzu bayan ciwo ga tsoron mutanen da yake zaune da su. Ka yi addu'a iyakar iyawarka, ka nemi a yi maka, amma kada ka yarda a ɗora ciwonka a wuyan wani.

Mataki na uku: ka kafa ƙaramin tsari na kullum

Har yanzu babu maganin da ke raba mutum da soriyasis har abada, amma ana iya kwantar da shi watanni ko shekaru. Sanin wannan da wuri yana da zafi, sai dai ya fi a yi ta bin masu alƙawarin warkarwa cikin kwana bakwai, kowane alƙawari ya ƙare da asarar kuɗi da karayar zuciya. Ka yi wanka da ruwan ɗumi mara zafi da sabulu mara ƙamshi, ba tare da soso mai kaushi ba, ka ɗan daddanna tawul maimakon gogewa, sannan ka shafa basilin ko man kaɗanya mai tsabta tun jikin da sauran danshi. Man da likita ya rubuta kuwa a kan tabon kaɗai ake shafa shi, kuma abin da ya cika gaɓar ƙarshe ta ɗan yatsa ya isa wurin da ya kai tafin hannu biyu. Idan ƙaiƙayi ya taso da dare, ka ɗora tsumma mai sanyi maimakon susa, ka kuma riƙa yanke farce. Barin taba da rage ƙiba suna taimakawa ƙwarai.

Ka tanadi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta ranar da ciwon ya tashi da abin da ya gabace shi, ko ciwon maƙogwaro ne, ko rigima a gida, ko jarrabawa, ko shigowar sanyi, ka kuma ɗauki hoton wurin da waya duk mako. Amfanin wannan ga zuciya yana da yawa, domin abin da mutum yake gani kamar yana faɗo masa haka kawai zai fara nuna masa hanyar da yake bi. Idan tabon ya kwanta yakan bar baƙi ko haske a wurin na tsawon watanni. Wannan sawu ne kawai, kada a bi shi da man bilicin.

Mataki na huɗu: ka shirya kalmominka tun kafin a tambaye ka

A ganina wannan ne matakin da ya fi sauya rayuwar ƙanwata. Abin da ke hana mutum fita shi ne fargabar lokacin da za a zuba masa ido a ce "me ya same ka haka?" ya rasa ta cewa, ya yi ta kame-kame, wannan kame-kamen kuma shi ke sa mai tambaya ya ɗauka akwai abin da ake ɓoyewa. Maganin wannan shi ne ka zauna ka tsara amsa gajeriya, ka maimaita ta da baki a ɗaki har ta zauna maka kamar gaisuwa.

Ga baƙo a mota ko a kasuwa, jimla biyu sun isa: "Ciwon fata ne, sunansa soriyasis. Ba a ɗauka, kuma ina ganin likita." Ka faɗa da muryar da kake faɗin farashin kaya, ka ci gaba da abin da kake yi. Ga babba a dangi, sai a haɗa da ladabi: "Gwaggo, na gode da kulawa. Likita ya duba ni, ya ce daga garkuwar jikina ne, ko kwano ɗaya muka ci babu abin da zai same ki. Ki dai sa ni a addu'a." Masu kawo magani su suka fi wuyar sha'ani, domin da zuciya ɗaya suke yi, kuma ƙin karɓa daga hannun babba yana kama da raini. Abin da muka ga yana aiki shi ne a karɓa da hannu biyu a ce: "Allah ya saka da alheri, Kawu. Zan nuna wa likitana kafin in sha, domin akwai maganin da nake kai wanda ba a haɗa shi da wani." Yara kuwa ba su da mugun nufi, abin da suka gani suke tambaya, sai ka ce: "Fatata ce take saurin girma, ba zai same ka ba." Sau da yawa uwar da ke tsaye a gefe ita ce amsar ta fi yi wa amfani.

Ba kowa ne ya cancanci bayani ba. Wanda ya zo da izgili, ka ba shi jimlar farko ka wuce, domin ba ilimi ya zo nema ba.

Mataki na biyar: ka fara da mutum ɗaya a gida

Ka zaɓi wanda ake jin maganarsa a gidan kuma kake sakin jiki da shi, uwa ce ko yaya ko miji, ka tafi da shi asibiti ya ji da kunnensa daga bakin likita. Gani ya kori ji, kuma idan wannan mutum ya dawo ya sa hannu a kwanonka a gaban kowa, ya yi aikin da bayanin wata guda ba zai yi ba. Ka gaya masa ƙarara abin da kake bukata: a daina ware maka kofi da cokali, a daina tambayarka kullum ko akwai sauƙi, a taya ka shafa mai a baya inda hannu ba ya kaiwa, kuma kada a riƙa buɗe jikinka ana nuna wa baƙi ba da izininka ba.

Mataki na shida: ka koma wuraren da ka ƙaurace wa, ɗaya bayan ɗaya

Ka rubuta wuraren da ka daina zuwa, ka jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ka fara da na farko a wannan makon ko da na minti goma ne, tare da wanda ya san halin da kake ciki. Kada ka jira sai fata ta washe, domin jiran yana iya cin shekara, kuma kaɗaici da damuwa suna cikin abubuwan da ke tayar da ciwon, sai ya zama ɓuya tana ciyar da abin da ake ɓuya dominsa.

A masallaci ka miƙa hannu ka gaisa yadda ka saba. Idan tafin hannu ko ƙafa ya tsattsage har ruwa na cutar da kai, ka tambayi malamin da ka amince da shi hukuncin shafa a kan bandeji da na taimama, domin malaman fiƙihu sun yi bayaninsu. Wajen aski, ka je lokacin da babu layi, ka yi wa mai askin bayani tun kafin ka cire hula, ka tafi da injinka idan kana da hali, ka kuma ce kada ya kankare har fata. Mace ta sami makitsiya ɗaya ta yi mata bayani a keɓe, ta roƙi a sassauta kitson, ta kuma guji sinadarin miƙar da gashi lokacin da kan yake tashe. Tufafin auduga masu haske sun fi sanyi a jiki kuma ɓawo bai cika nunawa a kansu ba.

A wurin aiki, musamman ga mai sayar da abinci ko malamin makaranta ko tela, gara ka riga jita-jita isa wurin shugabanka da takardar likita a hannu. Idan yaro ne ke da ciwon, iyaye su je da kansu su ga shugaban makaranta da malamin aji, haka ma malamin Islamiyya, su nemi kada a ware shi a benci ko a hana shi wasa, su kuma riƙa tambayarsa a hankali ko ana tsokanarsa, domin yaro yakan haɗiye irin wannan ya ce cikinsa ne ke ciwo don kada ya je makaranta.

Mataki na bakwai: maganar aure

Nan ne tsoro ya fi yawa, nan ne kuma ake yawan ba da shawarar a yi shiru sai an ɗaura. Ban goyi bayan wannan ba ko kaɗan, domin abin da aka ɓoye zai bayyana a daren farko, a lokacin kuma ciwon ba zai zama abin magana ba, yaudarar ce za ta zama. Lokacin da ya dace shi ne bayan an fahimci juna, magana ta fara ƙarfi, amma kafin manya su shiga a sa rana. A faɗa a zaune cikin natsuwa, a nuna takardar likita, a ba mutum lokaci ya yi tunani, a kuma yi masa tayin zuwa asibiti ya yi tambayoyinsa.

Tambayoyi biyu ne sukan biyo baya. Ta farko, ko ana ɗauka ta hanyar kwanciyar aure. Ba a ɗauka, ko da tabon yana al'aura. Ta biyu, ko 'ya'ya za su gada; akwai gado a cikinsa, kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shi suna da wani a dangi mai irinsa, amma idan ɗaya ne daga cikin iyaye ke da shi, mafi yawan 'ya'yan ba sa yi. Abin da ya wajaba ma'aurata su sani shi ne wasu magungunan sha na wannan ciwo, kamar metotireksat da asitiretin, suna cutar da ɗan da ke ciki matuƙa, na biyun ma sai an yi shekaru da daina shi kafin a ɗauki ciki, don haka duk mai shirin haihuwa, mace ko namiji, ya gaya wa likita tun da wuri. Mai shan metotireksat kuma ya riƙe cewa sau ɗaya ake shansa a mako, shansa kullum yana iya kisa.

Wani zai ji bayanin ya janye. Wannan yana da ciwo, kuma babu laifi mutum ya yi baƙin cikinsa, amma janyewa kafin aure ta fi gori a cikin gida shekara da shekaru.

Mataki na takwas: ka duba zuciyarka kamar yadda kake duba fatarka

Masu soriyasis sun fi sauran mutane faɗawa ciwon damuwa, kuma girman tabo ba shi ke nuna girman ƙunci ba, domin ɗan ƙaramin tabo a goshi ko a hannu yana iya hana mutum sakat fiye da babba a baya. Saboda haka ne a 1994 wasu likitoci a birnin Kadif na Birtaniya suka tsara tambayoyi 10 da ke auna yadda ciwon fata ya taɓa rayuwar mutum a mako guda, daga kunya da sutura zuwa aiki da mu'amala da iyali, makinsu daga 0 zuwa 30, wanda ya haura 10 kuma ana ɗaukar ciwon ya yi masa nauyi sosai, abin da kan sa a sauya masa magani zuwa mafi ƙarfi. Don haka idan likita ya tambaye ka yaya jiki, kada ka tsaya a "da sauƙi" saboda kara. Ka ce masa ka daina zuwa kasuwa, ko ba ka barci, ko kana gudun iyalinka, domin da wannan zai yanke shawara.

Idan ka yi mako biyu ko fiye kana cikin baƙin ciki kusan kullum, abin da kake so ya daina yi maka daɗi, barci da cin abinci sun rikice, kana ganin ba ka da amfani, to ka nemi likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara, a asibitin koyarwa ko a asibitocin tarayya irin na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato da na Maiduguri. Zuwa can ba hauka ba ne kuma ba raunin imani ba ne. Idan kuwa tunanin rabuwa da duniya ya fara zuwar maka, ka gaya wa wani na kusa a ranar, ya raka ka asibiti, kada ka kwana da shi kai kaɗai.

Mataki na tara: ka shirya wa dawowarsa

Zai kwanta, zai kuma tashi, dawowarsa ba ta nufin ka yi sakaci. A ƙasarmu hunturu ne lokacin da ya fi tsananta ga mutane da yawa saboda bushewar iska, kuma ranar 29 ga Oktoba da ake tunawa da masu soriyasis a duniya tana zuwa daf da shigowarsa, sai muka mayar da ita ranar shiri a gidanmu. A makon da ranar ta faɗo ne ƙanwata take komawa wurin likita da littafinta da hotunan wayarta, a sabunta mata magani, a duba hawan jini da sukari domin sukan yi tafiya tare da wannan ciwo, mu sayi man shafawa da zai kai ta watan Fabrairu, ta ƙara yawan shafawa zuwa sau uku a rana, ta kuma sanar da makitsiyarta cewa watanni masu zuwa kan zai iya tashi, domin su tsara ranakun kitso da sassafe kafin mutane su taru.